Safar da Ka Ba Ni Riƙo

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na zaɓa da tsakar rana. Ya kai da sunanka ya fi ruwan randa daɗi a bakina, Dogona,

Ina gaishe ka, domin zuciyata ta saba gaishe ka ba tare da ta nemi izinina ba. Yau kwana goma sha tara da aka kore ni daga makarantar horon soja, kwana goma sha tara kuma ban ji muryarka ba. Na san ana karɓe wayoyi, amma na san ana mayar muku da su ranar Lahadi. Lahadi biyu sun wuce, masoyina. Yatsunka ne suka karye, ko kunyata ce ta riƙe su?

Ka tuna yadda muka fara? Filin ƙwallon bayan unguwarmu, bayan sallar asuba, raɓa na jiƙa mana takalma. Mu goma sha biyu muke gudu muna shirin jarrabawar shiga soja, ni kaɗai ce mace. Ranar da na wuce ku duka a zagaye na takwas, kai ne ka zube a ciyawa kana dariya, ka ce wannan ba mutum ba ce, barewa ce. Sunan ya bi ni, ni kuma zuciyata ta bi ka. Wayyo ni! Dariyarka a safiyar nan kamar ruwan farko ce a kan busasshiyar ƙasa. Na tsaya a kanka ina haki, ina jin wani abu yana tsiro a cikina, ban san sunansa ba tukuna.

A filin nan kuma na fara jin ƙirjinka yana fito kamar tsohuwar butar shayi. Na tambaye ka, ka ciro min ita daga aljihu: sigarin lantarki, 'yar siririya kamar biro, ana yi mata caji kamar waya, tana ƙamshin na'a-na'a. Ka ce tururi ne kawai, ba hayaƙi ba, kowa na sha, har waɗanda suka riga mu sa kaki. Na ce maka sinadarin nikotin ɗin da ke cikinta bai san bambancin tururi da hayaƙi ba. Na ga yadda hannunka ke rawa in ta kwana biyu ba ta bakinka, yadda kake faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mako guda kafin mu tafi makarantar horon, bayan an ɗauke mu duka biyu, ka jefa ta kwata a gabana, ka ɗora hannu a ƙirji, ka rantse da Allah cewa tsakaninka da ita an gama. Na yarda da kai yadda tsuntsu ke yarda da reshe. Me zai hana? Ko cewa ka yi rana daga yamma take fitowa, da na juya na jira ta can.

Sai ranar da muka dawo makarantar daga hutun kwana uku. Muna sauka daga mota, ka miƙo min safa a dunƙule, ka ce jakarka ta cika, in riƙe maka sai mun shiga ciki. Har murmushi ka yi min, Dogo! Har gyara min madaurin jaka ka yi! Na cusa safar a aljihun gefe ina jin daɗin ɗaukar maka ko da safa ce. Ashe ka lissafa cewa layin mata ba a tsananta masa bincike. Ashe ranar sabuwar sajan aka sa a ƙofa, mace mai ido kamar na shaho. Ta warware safar, sai wani sigarin lantarki, abin da dokar makarantar ta haramta, ya faɗo a kan teburin ƙarfe, ya gangara, ya tsaya daidai gabana.

Sau uku ta tambaye ni na wane ne. Sau uku na waiwaya layin maza. Taku goma ne tsakaninmu, ina ganin jijiyar wuyanka tana harbawa. Kai da ka fi kowa tsawo a layin, ranar ka nemi ka fi kowa gajarta. Ka zuba wa takalminka ido kamar yau ka fara ganinsa. Kalma ɗaya nake jira, ɗaya tak! Ba ta zo ba. Ni kuma da na buɗe baki in faɗi sunanka, sai harshena ya ƙi. Ta yaya zan jefa sunan da nake addu'a da shi a kan teburin nan? Na yi shiru, aka rubuta shirun a matsayin amsa laifi. Kafin la'asar na miƙa kakina, na fito da kayan gida.

Kana so ka san abin da na tarar? Baba, wanda na yi shekara biyu ina roƙo kafin ya yarda 'yarsa ta shiga soja, ya rataye hotona da kaki a garejinsa, yana nuna wa duk wanda ya kawo gyaran mota. Washegarin dawowata ya sauke hoton, ya sa a cikin akwatin kayan aikinsa. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Mama tana shinshina gyalena in ta ɗauka ba na kallo. Ƙanwata, da take sara min duk safiya tana kirana Kwamanda, yanzu Yaya kawai take ce min, a hankali, kamar mai gaida marar lafiya. Ina wuni a shagon ɗinkin Goggo ina guga, mata na shigowa su kalli leɓena su kalli juna. Ni da ko hayaƙin murhu ke sa ni tari!

Abin da ya fi ƙona ni, ba tsoron da ka ji a ƙofa ba ne. Tsoro na kama kowa. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne, tun kafin mu hau motar ka zauna ka naɗe safar nan, ka zaɓi jakar da za ta ɗauke ta. An auna ni da abin da bai fi tsawon biro ba, shi ya rinjaya. Wace irin ƙishirwa ce wannan, da za ta sa mutum ya kunna wa inuwarsa wuta?

Duk da haka, ya ruhina, ba na rubuto don in la'ance ka ba. Yayana ya je ya yi tambaya. An ce masa ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take har ranar Alhamis ta sama, kuma idan mai abin ya fito da kansa, za a sake duba maganata. Ka san baɗi shekaruna za su wuce na ɗaukar soja. Wannan ce dama ta ƙarshe da nake da ita. Na san abin da nake roƙo. Wataƙila su hukunta ka, wataƙila su kore ka. Idan suka kore ka, za ka same ni a bakin ƙofa, in raka ka asibiti a duba ƙirjin nan, in zauna kusa da kai duk ranar da hannunka ya yi rawa, har ya daina. Amma ka tafi gaban kwamanda da ƙafarka, ka faɗa da bakinka. Mutumin da ya kasa cewa "nawa ne" a gaban teburi, yaya zai tsaya wa abokinsa ranar da wuta ke tashi?

Ni dai ba zan faɗa ba. Yayana ya matsa min har ya yi fushi, Mama ta yi kuka ta haɗa ni da Allah, ban ambaci sunanka ba, kuma ba zan ambata ba. Idan Alhamis ta wuce ba ka yi magana ba, kada ka zo gidanmu, kada ka aiko kowa; ba zan iya zama da kai ba, ko da yake ban san yadda ake daina son ka ba. Za ka sa kakinka, a tafa maka, kuma a duk faɗin duniya mutum biyu ne kawai za su san wadda aka tuɓe don ka sa shi.

Taka, mai riƙe amanarka har ranar da za a rufe ta da ƙasa, ko da kai ka zubar da tata.