Addu'ar da Hauwa ta ɗora mini

Daren Talata, unguwar Madain Fahd

Jikata Hauwa ta ɗaure mini kai yau. Ta zauna gefena da kwamfutarta ta ce, "Sitti, ki yi mini addu'a gobe abin nan ya karye."

Na ce, "Ja'ira, ni da ko kofin shayi ban yafe wa wanda ya fasa ba?"

Da Hausarta mai ɗingishi, rabi Larabci, ta yi mini bayani. Wai allo ne da ake yi da zare siriri kamar gashi, a saƙa shi a haɗa da gam, yadda ake cuɗa ciyawa da ƙasar gini. Kwamfutar tana lissafin zare ɗaya, daga nan saƙar, daga nan allon gaba ɗaya. Ta nuna mini wani wuri ja a hoton allon da ke kwamfutar ta ce nan zai tsage. Gobe a jami'a inji zai ja allo na gaske. In ya tsage nan, halas, shi ke nan, ta gama karatu. In ya tsage wani wuri, aikinta ya koma farko.

Na ce to me ake yi da shi? Ta ce, "Jikin jirgin ruwa, irin wanda Baba ke tuƙawa a tekun Abhur." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Bayan isha'i na ɗaga hannu na rasa ta ina zan fara. Can na ce, ya Allah, allon Hauwa ya karye daidai inda ta nuna, na jirgin ubanta kuwa Ka riƙe shi. Ni dai ban iya bambance su ba, Kai Ka iya.