Kalmar da Auta Ta Shigo da Ita Gida

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta dawo daga jami'a muryarta a dushe. An ƙara musu kuɗin karatu, sun wuni suna ihu a bakin ƙofa. Wai juyin juya hali za su yi. Ni za ta gaya wa! Ni da na tsufa ina koyar da tarihi. Na ce, kin ma san asalin maganar? A tsohon yaren Turawa ba ta nufin komai sai mirginawa a koma baya. Taurari ake faɗa wa ita, masu kewayawa su dawo inda suka taso. Daga baya aka liƙa ta ga tumɓuke sarakuna. Ta ce, “Umma, mu da Hausa muke yi. Hali za mu juya.” Ta shige ɗaki. Ko ruwa ba ta sha ba.

Laraba, 5 ga Maris

Shugaban makarantarmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa kamar za mu raba kayan sata. Wai in tsallake babin juyin juya hali a aji shida sai ƙura ta lafa. Matsoracin banza. Na ce to. Ni ma ɗin ke nan.

Asabar, 8 ga Maris

Ba ma magana. Sai ƙarar cokali.

Talata, 11 ga Maris

An kama su. Ƙawarta ce ta kira ni tana kuka. Na isa ofishin 'yan sanda da takalmin wanka a ƙafata, aka ce in koma gefe.

Na kira Yaya. Yayan da ya yi irin wannan ihun yana saurayi, wanda na riƙa kai wa abinci a kurkuku har Baba ya mare ni a kansa. Yanzu shi ne babba a ma'aikatar ilimi, shi da kansa ya sa hannu a ƙarin kuɗin karatun. Ya bar ni ina jira a waya, sannan ya ce, “Ƙanwata, a bar su su ɗan ji jiki. Yaran yanzu ba su san ma'anar abin da suke faɗa ba.” Na ce, kai da ka sani me ka yi da shi? Ya kashe.

Abin da ya fi ƙona min rai, maganata ce a bakinsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Iyaye mata mun cika bakin ofishin. Wata mai sayar da gawayi ta fi kowa murya. Na tsinci kaina ina amsa mata. Allah Ya sa babu ɗalibina a wurin.

Lahadi, 16 ga Maris

An sako ta jiya. Yatsunta biyu sun kumbura, ba ta iya riƙe kofi. Ni na yi mata wanka kamar jaririya, tana kau da kai. Ban ce ai na gaya miki ba, ko da yake ya zo har bakina.

Gobe suna da taro. Ba ta nemi izini ba, ban bayar ba. Na dai ga takalminta mai santsi ne, ba ya gudu. Na ajiye mata nawa a bakin ƙofa. Ya ɗan yi mata yawa, ta cusa tsumma.