Ɗana Laminu da Hana Waƙa a Ajin Ƙanana

Zuwa ga Mai Girma Sufeton Makarantun Yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ma'aikacin jinya ne a ɗakin magani na wani gari kusa da Cadawa. Na rubuto a fili domin abin da ya faru a lakol ɗin garinmu, wato makarantar boko, a fili ya faru.

Na ɗaya. Ɗana Laminu yana da in'ina tun da ya fara magana. A shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu ya shiga ajin ƙanana, hannun Mushe Iro. Wannan malami yakan zaunar da yara da'ira ƙarƙashin gawo, ya kife ƙwarya a kan ruwa, ya raba musu sarewar kara da gwangwani mai tsakuwa. Ɗaya ya ba da waƙa, saura su amsa da tafi. A nan aka gane cewa in Laminu yana rerawa, ko yana buga cinyarsa, harshensa ba ya sarƙewa. Da waƙa ya koyi ƙirga da Faransanci. Ko ƙaya ta soke shi, da waƙa yake gaya wa uwarsa.

Na biyu. Sabon darakta da kuka turo ya shugabanci lakol ya ce ƙasa mai 'yanci ma'aikatan buro masu aikin takarda take bukata, ba maroƙa ba. Ya fasa ƙwaryar a gaban yara. Ya rubuto muku cewa Mushe Iro ɗan makaɗa ne, sana'ar gidansu yake koya wa 'ya'yan mutane. Kuka mai da shi can wajen Gidan Rumji ba tare da kun tambayi uba ko ɗaya ba.

Na uku. Darakta ya karɓi ajin da kansa. Ya ɗora Laminu bisa tebur ya ce ya yi hadda ba rerawa. Da ya ga yaron yana buga cinya, ya ɗaure masa hannu ta baya da igiyar rama. Sa'an nan ya umurci aji su kwaikwayi in'inarsa da ƙarfi, wai ya ji yadda take a kunnen mutane. Yara 'yan shekara bakwai suka yi, domin wanda ya ƙi, bulala. Na je na sami darakta cikin ladabi. Ya ce mini ni na san allura, shi ya san yara.

Na huɗu. Daga nan Laminu ya daina waƙa, har a gida. Magana ma ya daina, sai kaɗa kai. Da zafi ya shigo, sanƙarau ya kama shi. Ranka ya daɗe, na yi jinyar masu wannan ciwo da yawa. Ya kan fara da ciwon kai da ƙagewar wuya, kuma wanda ya faɗa da wuri ya kan samu sa'a. Ɗana bai faɗa ba. Ya kwanta ya juya fuska bango, kamar yadda ya saba yi in ya dawo lakol. Sai da jikinsa ya sandare muka sani. Ban ce darakta ya kawo ciwon ba. Ajali na Allah ne. Amma bakin da zai kira ni, darakta ya rufe shi.

Na biyar. Da Laminu ya rasu, darakta ya zo ta'aziyya. A gaban jama'a ya yabi mamaci, ya ce duk ajin babu mai natsuwa kamarsa, ko tari ba a ji daga gare shi, kuma hakan ya nuna tarbiyya ta fara kamawa. Na amsa da amin, domin a ƙofar gidana yake.

Ga roƙona. A dawo da Mushe Iro da wasanninsa. A raba wannan darakta da ajin ƙanana, a ba shi aikin takarda, wadda ba ta jin ciwo. Mai gari ya riga ya sa sunan ɗiyata Rabi cikin masu shiga lakol bana, ita ma harshenta irin na wanta ne. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san hukuncin wanda ya hana ɗa lakol. In darakta yana nan, ba za ta je ba. Jandarma sun san gidana.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka 'ya'yanka, ya sa su iya gaya maka inda ke musu ciwo.

Wassalam.

Mahaman Sani, uban marigayi Laminu.