Waya Ta Zaɓe Ni, Ta Bar Batulu

Anti Asma'u, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Juma'a, zuciyata ta rabu biyu.

Ni ce sakatariyar ƙungiyar mata manoman shinkafa a Illo, mu arba'in da ɗaya. Bara wata ƙungiyar tallafi ta sa mana manhaja a waya, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan. Anti, abin nan sai wanda ya gani! Ki ɗauki hoton ganye, ta gaya miki ciwonsa da maganinsa. Ita ta ce mu yi dashe da wuri, muka yi ta dariya amma muka bi, sai ga kogi ya cika ya tumbatsa, mu kuwa mun riga mun yanke shinkafarmu. Tun ranar maigidana yake kirana matar waya, ni kuwa ko a jikina.

Bana aka kawo mana injin ban ruwa shida don noman rani. Kin san rabo a ƙungiya, sai a yi wata ana gaba. Na ce mu bar wa manhaja, tunda ba ta da ƙanwa ba ta da ƙawa, kowa ya yarda. Kafin kunu ya huce ta fito da sunaye shida, kuma Anti, nawa ne na shida! Guɗa na yi ni kaɗai a ɗaki. Shekara huɗu ina ban ruwa da bokiti, bayana ya shaida.

Sai da murna ta lafa na lura babu Batulu. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar, kuma a fadamarmu babu mai ƙwazonta. Na duba dalili, wai gonarta ba a Najeriya take ba. Gonar da na yi gayya a cikinta! Ashe saboda tana bakin iyaka ne, inda layin wayarmu ba ya kamawa sai na ƙasar Benin. Da layin Benin ta yi rajista, da shi take tura hotuna, kamar yadda mutane da yawa ke yi a nan. Shi ke nan waya ta mayar da ita baƙuwa.

In na gyara, ita za ta shiga, ni in fita. In na yi shiru babu mai sani, har ita Batulun, wadda jiya take ce mini duk abin da waya ta yanke ta yarda. Ga shi ni ce na kafa dokar kada hannun mutum ya taɓa sakamakon. In na taɓa yau, gobe wata ta taɓa don 'yar ɗakinsu. Juma'a zan sa hannu in karanta sunayen. Yaya zan yi?

Mai Bokiti, Illo

Mai Bokiti, na taya ki murna. Ba kowace ƙungiya ce take raba inji shida ba tare da an cire ɗankwali ba. Kada ki jefar da manhajarki, ta yi muku rana.

Tsoronki yana kan hanya. Sakatariya ta goge suna ta rubuta wani a ɓoye, daga nan amana ke lalacewa. Saboda haka kada ki taɓa sunayen, kuma kada ki yi komai ke kaɗai.

Amma waya ba ta taɓa taka fadamar Illo ba. Ba ta san inda layi ke kamawa ba, ba ta san marayu ba. Bayanin da aka ba ta ne ya karkace, shi za a miƙe. Ranar Juma'a ki tara matan, ki faɗi abin da kika gano, ki tambayi duk mai layin Benin ta ɗaga hannu, don ina zaton Batulu ba ita kaɗai ba ce. A gyara bayanin kowa a bainar jama'a, a sake tambayar manhajar, sannan a sanar da waɗanda suka kawo ta. Ku kuma ƙara doka: duk wadda waya ta bari tana da damar jin dalili.

Kin ce babu mai sani. Ke kin sani. A takardar nan ba waya za ta sa hannu ba, kuma ba ita za ta riƙa wucewa ta gonar Batulu kullum ba.

Wataƙila ki fita daga shidan, ba zan yi miki daɗin baki ba. Sai dai inji ba ya aiki a gona ɗaya mako guda cur, ku tsara karɓa-karɓa. Matar da ta cire sunanta da bakinta a gaban mata arba'in ba za ta rasa mai ara mata inji ba. Allah ya ba bayanki lafiya, ya cika rumbunanku ke da Batulu.

Anti Asma'u