Zanen Wening Ba Takardar Ƙunshi Ba Ne

Penang, ranar Lahadi

Yayana Mas Darto,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar mahaifiyarmu Ibu? Ka gaishe min da matarka, Mbak Tumini. Ni lafiya lau nake. Bayana ne kawai ke ƙorafi idan na ɗaga Ah Ma, tsohuwar da nake jinya, amma ya saba.

Jiya na tura ta a keken marasa lafiya zuwa gidan wani marigayi mai zane, wanda aka mayar gidan tarihi, ba aikin kowa a ciki sai nasa. A ɗakin farko akwai akuyar da ya zana yana yaro, an rufe ta cikin gilashi, da tabon mai a tsakiya. Mai gadi ya ce uwarsa ce ta ƙunshe soyayyar ayaba da takardar. Ah Ma ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Warsi, dubi takardar ayaba, yau har da mai gadinta!"

Ni ban yi dariya ba, domin 'yata Wening ta faɗa min a waya cewa da zanenta Mbak Tumini ke ƙunshe wa masu saye soyayyen tempe, wainar waken suya da take sayarwa, kai kuma har ka yi wa dillali maganar kawo Wening aikatau nan.

Mas, ban yarda ba. Na karance tarihin mutumin nan kaf a bango. A shekarun Wening bai fi ta da komai ba, malami kawai ya samu. Ranar Laraba ka kai ta jarrabawar makarantar zane a birnin Yogya. In ta faɗi ta sake, amma na san hannun 'yata.

Allah Ya saka maka da riƙonta. Mai aikatau ɗaya ta ishi gidanmu.

Ƙanwarka,
Warsini