Jan Ƙyallen da Na Kwance

Don Allah 'yar nan ki saurare ni yanzu, kada ki tura takardar nan ƙarƙashin wasu ki ce sai kin samu sarari. Kwana tara ya rage mini. Ban san ki ba, ban taɓa ganin fuskarki ba, karatu ma ban iya ba balle rubutu. Maƙwabciyata mai ɗinki ce take karanta mana filinki in ta samu jarida, ita na sa ta tsayar da kekenta ta ɗauki biro. Na ce abin da ya fito bakina shi za ta rubuta, kada ta gyara mini. Ita ma yanzu za ta fara jin maganar nan, tare da ke.

Autana bakanike ne. Ina cewa auta, amma ya ba arba'in baya, 'ya'yansa huɗu, a gidansa nake zaune tun da mijina ya rasu. Ba ƙananan motoci yake gyarawa ba, manyan injina ne, irin masu haƙa ƙasa ɗin nan da suke kira katafila, masu dogon hannu da bokiti mai haƙora. Garejin bai da nisa da mu. Ka bi layinmu ka wuce mai walda, ka sha kwana, ga shi nan, fili ne babba, ƙasar wurin duk ta yi baƙi da mai, kana takawa tana kama maka takalmi.

Akwai direban da yake tuƙa ɗaya daga cikin injinan. Shekara goma sha bakwai suna tare da ɗana. Shi ana ce masa Na-Sama, don kullum yana can bisa kujera, ɗana kuma Na-Ƙasa, don ba ka ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Direban yakan ce da ba don shi yana lalatawa ba da ɗana yunwa ta kashe shi, ɗana ya ce ai ko jaki aka ba shi sai ya dawo da shi yana yoyon mai. Haka suke tun suna samari. Iya yake kirana. Ranar da na faɗi a banɗaki shi ya goya ni har bakin titi.

To ni mace ce da ba na iya zama haka kawai. Ni nake kai wa ɗana abincin rana. Surukata ta sha hana ni, ta ce ƙafata, na ce ƙafar da aka ajiye ita ce take mutuwa. In na je kuma nakan tattaro tsummokaran da yake goge hannu, in kawo gida in jiƙa da ruwan zafi in wanke masa. Babu wanda ya sa ni. Ya sha cewa Iya tsumman gareji ba a wanke shi, yar da shi ake yi. Ba na ji.

Mako uku ke nan yau. Na je da rana tsaka, wurin shiru, sauran duk sun tafi janyo wata tifa da ta mutu a hanya. Na yi kira, ya amsa mini daga bayan bokitin injin, ban ma gan shi ba, ya ce in ajiye a kan benci hannunsa yana cikin aiki. Na ajiye. Na tsinci tsummokara biyu a ƙasa. Da na juyo sai na ga wani jan ƙyalle ɗaure a jikin ƙarfen da ake kamawa a hau injin, daidai kaina. Na ma gane shi, guntun tsohon zanena ne, ya yi dauɗa har jan ya kusa ɓacewa. Na ce a raina yaron nan bai da kirki, dubi yadda ya mayar mini da zane. Na sa haƙori na kwance ƙullin, don ya ɗaure shi tam. Na jefa a leda na kama hanya.

Mai ɗinki ta ajiye biro tana kallona. Na ce ta ɗauka mu ci gaba, in na tsaya ba zan iya komawa ba.

Ban daɗe da isa gida ba, ƙyallen yana cikin ruwa, aka zo da gudu aka ce injin ya kama hannun ɗana. Direban ne ya dawo, ya hau, ya tayar, ya ja sandar nan da ke motsa bokiti. Daga kujerarsa ba a hango wanda ke tsugune a baya. Hannun ɗana na dama yana cikin mahaɗar ƙarfen yana sa sabon tiyo. Yatsu uku sun tafi, ƙashin hannun ya karye wuri biyu. Likita ya ce a gode wa Allah da ba kai ba ne.

Ni har lokacin ban san komai ba, wallahi. Sai kwana biyu bayan nan, ina zaune gefen gadonsa a asibiti, mai garejin ya zo dubiya. Ɗana yana ta maimaita masa cewa ya ɗaura jan ƙyalle, ya ɗaura, ƙulli biyu ya yi. Na tambayi surukata wane ƙyalle. Ta ce ai ƙa'idar garejin ke nan, duk injin da aka ga jan ƙyalle a wurin hawansa akwai mutum a jikinsa, ko mai garejin bai isa ya taɓa makulli ba. Na tashi kamar zan je banɗaki, na fita na zauna a ƙasa bayan ɗakin magani. Shekara nawa ina zuwa wurin nan, babu wanda ya taɓa gaya mini. Wa zai zauna ya koya wa tsohuwa ƙa'idar gareji?

Yanzu ɗana ya rantse ya ɗaura, direba ya rantse bai ga komai ba. Su biyun gaskiya suke faɗa, ni kaɗai na sani a duniya. Kowa ya bi bayan mai rauni. Mai garejin ya karɓe makulli daga hannun direban. An ce nan da kwana tara manyan ƙungiyar direbobi za su zauna, in suka yanke cewa ya ga alama ya take, babu mai sake ba shi inji a ko'ina, ko na niƙa ne. Surukata kuma ta ce ita wannan bai ishe ta ba, sai ta kai shi gaban hukuma. Matar direban ta kawo abinci asibiti, surukata ta mayar mata da shi ko buɗewa ba ta yi ba. Ina zaune ina kallo.

Abin da ya sa na kasa haƙura shi ne shekaranjiya. Direban ya zo gida, ya ƙi shigowa, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, ƙato da shi, duk ya zube. Ya ce in yafe masa. Ya ce da yana da tabbacin babu ƙyalle, amma yanzu ya fara tunanin ko yana nan idonsa ne ya tsallake, tunda ɗana ba ya ƙarya. Ƙyallen nan yana ƙarƙashin katifar da nake zaune a kai, a wanke, a ninke. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ya tashi, Allah ya kiyaye gaba. Abin da na iya ce masa ke nan.

Tsoro nake ji, 'yar nan. Ba korar ba ce, ko da yake ban san inda zan nufa ba in surukata ta ce ba ta iya kallona, kuma ba zan ga laifinta ba, ita za ta yi ta ɗawainiya da miji mai hannu ɗaya. Fuskar ɗana nake tsoro. Yana kwance yana ɗaga hannun yana kallon bandeji, ya ce Iya da me zan riƙe sifana. Ni nake ba shi abinci a baki. Yaya zan ce masa hannun nan da ke ba ka abinci shi ya kwance? Na ɗauki ashana sau biyu zan ƙone ƙyallen, na kasa. Abinci ba ya wuce mini. Jikokina suna tambaya ko ba ni da lafiya.

Shin in na faɗa za su kama ni? Tsohuwa irina ana rufe ta? In kuma na yi shiru aka gama da bawan Allah nan, da wane ido zan je gaban Ubangijina, ga ni ƙafa ɗaya a kabari? Ki faɗa mini abin yi. Ni dai na gaya wa mai ɗinki, ta rubuta a nan ya zama shaida: in ciwo ya kayar da ni, ko bakina ya sake ƙin buɗewa, ta ɗaga katifata ta ɗauki abin da ke wurin. Kada ta fara zuwa wurin ɗana, kada ta je wurin mai gareji. Direban za a fara gaya wa.

Amsa

Iya, na karɓi takardarki, kuma na sa ta gaban duk waɗanda suka riga ta zuwa saboda kwanakin da kika ambata. Sannu da wannan nauyi. Allah ya ba ɗanki lafiya.

Abu biyu ne a cikin maganarki, kada ki haɗa su. Kwance ƙyallen kuskure ne na wadda ba ta sani ba, kuma wanki kika je yi wa ɗanki, ba cuta ba. Shirun mako uku kuwa da saninki kike yin sa, kuma kullum aka wayi gari wani ne yake biyan kuɗinsa da mutuncinsa. Na farkon ya wuce, babu mai dawo da shi. Na biyun yana hannunki.

Na tuntuɓi wani dattijo da ya tsufa a gyaran irin waɗannan injina. Ya ce ƙyalle tunatarwa ce kawai, iska ma tana iya ɗauke shi. Wanda zai sa hannu a jikin injin, makullin a aljihunsa ya kamata ya kasance. Direba kuma ba ya tayarwa sai ya zagaya injin da ƙafarsa ya leƙa ko'ina. Mai garejin da ya bar ran ma'aikatansa a kan guntun zane, ya kuma bar mutanen waje suna shiga har jikin injin ba tare da an gaya musu komai ba, shi ma yana da tambayar da zai amsa. Ban faɗi wannan don ki je kina rabon laifi ba. Na faɗa ne don ki san ba ke kaɗai kika karya hannun nan ba, kuma masu zaman sun fi ni sanin haka. Direban ma ba zai fita fes ba, amma akwai nisa tsakanin wanda bai zagaya ba da wanda ya ga alama ya take ya kuma yi rantsuwar ƙarya.

Batun kamu, ni ba lauya ba ce, amma ban ga abin da zai sa a rufe tsohuwar da ta ɗauki tsumma don ta wanke ba, balle ita ta kawo kanta ta faɗa. In hankalinki bai kwanta ba, mai ɗinki ta raka ki wurin wanda ya san doka, tambaya ce ta 'yan mintoci.

Kin ce direban za a fara gaya wa. Na yarda yana da haƙƙi, mutumin da ya kai ga ƙaryata idonsa bai kamata ya ƙara kwana a haka ba. Amma ki yi mini haƙuri, Iya, ina jin kin zaɓe shi ne don fuskarsa ta fi sauƙin kallo. In ɗanki ya ji wannan magana daga bakin gareji, ciwon zai zama biyu. Ki fara da ɗanki, da safe, ku biyu kawai, da ƙyallen a hannunki. Kada ki yi doguwar shimfiɗa, ki ce ke kika kwance, ba ki san ma'anarsa ba, tsoro ya hana ki faɗa. Daga nan, a ranar, kafin rana ta faɗi, ki je gidan direban da ƙafarki. Mai ɗinki ta raka ki, amma kada ki ari bakinta, wannan magana taki ce. Surukarki kuwa ki bar wa mijinta ya gaya mata, shi kuma zai aika wa mai garejin kafin ranar zama.

Ba zan yi miki alkawarin za a rungume ki nan take ba. Ɗanki yana iya juya miki baya ya yi shiru, surukarki tana iya faɗin abin da zai yi miki zafi. Ki ba su lokaci, kada ki nemi yafiya a ranar kamar wadda ta zo karɓar kayanta. Amma ki tuna, yanzu haka ɗanki yana kwance yana zaton amininsa na shekara goma sha bakwai ya nakasa shi kuma ya yi masa ƙarya. Yatsun ba za ki iya mayar masa ba. Aminin kina iyawa, kuma zai buƙace shi ƙwarai in ya fito yana neman yadda zai ci gaba da sana'arsa.

Ki ci abinci yau ko kaɗan ne, don tafiyar tana son ƙarfi. Kada ki jira kwanakin su ƙare. Allah ya warkar da ɗanki, ya sanyaya zukatan gidajen biyu, ke kuma ya buɗe miki baki gobe da safe.