Muryar Kawu da na goge

Laraba da dare, Maraɗi

Yau na kai wa Kawu faifanmu a garin Tsibiri. Ya tara iyalinsa tsakar gida su ji gurminsa tare da busata. Ban gaya mishi na goge muryarsa ba, don faifan kiɗa ne zalla. Inda ya yi wa marigayi Baba kirari, gurmin kawai na bari da kukan tsuntsayen da na ɗauka a Jiratawa.

Da aka iso wurin ya ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit. Ba murya.

Na ce, "Kawu, ordinata ce, kwamfutar nan, ta cinye."

Ya ce, "Ba komi, ɗana, kayan Nasara ne." Sai ya rera kirarin da bakinsa, daidai kan kiɗan.

Har fura aka dama mini. Wallahi kurɓa ɗaya na yi, na aje ƙwaryar.